Ta goge sunan mahaifin ɗalibata daga shafin da na mallaka mata

Assalamu alaikum Admin, don girman Allah a ɓoye sunana, garinmu ba shi da girma, kuma duk wanda ya gane ni ya gane wadda nake magana a kanta. 'Yan uwa don Allah ku ba ni shawara kafin ranar Alhamis, kwana goma sha biyu ke nan abinci ma turawa kawai nake yi.

Ni malamar Bayoloji ce a wata sakandaren 'yan mata ta jeka-ka-dawo a Argungu. Bara na gaji da koya wa yara kifin cikin littafi, alhali rabin ajina 'ya'yan masunta ne, yarinyar da ta tashi tana gyaran tarwaɗa tun ba ta iya ɗaura zane ba sai ka ga ta faɗi tambayar kifi a jarrabawa, saboda kawai sunan Turanci ya ruɗa ta. Sai na buɗe mana shafi a intanet, irin wanda mutum goma za su iya rubutu a ciki lokaci guda, kowa yana ganin na ɗan'uwansa yana gyarawa. Laftof ɗina guda ɗaya da modem, sai mun kai tebur jikin tagar ɗakin malamai kafin sabis ya kawo. Na ce kowace yarinya ta je gida ta tambayi tsohonta kifayen gulbinmu, sunansu, abin da suke ci, lokacin da suke ƙwai, ta zo mu zuba, a ƙasan kowane bayani kuma mu rubuta sunan wanda ya faɗa.

Akwai wata yarinya, bari in kira ta Asma'u duk da ba sunanta ba ne, mahaifinta tsohon masunci ne da ya ƙi yi mata bayani, ya ce sai malamar ta zo da kanta. Na je na same shi a tsakar gida yana ɗinkin homa, wannan ragar kamun kifin. Wallahi abin da dattijon nan ya faɗa mini a kan giwan ruwa kaɗai babu shi a littafin da na yi karatu da shi. Na ɗauki muryarsa a wayata, daga baya na ɗora ta a shafin. Da zan tafi ya ce, "Malama, ni ban yi boko ba, amma wanga sani gadon tsohona na. In za ku rubuta shi ku aza sunanai da nau." Na ce za a sa, Baba. Ya kalli laftof ɗin da na zo da shi ya ce, "Abin nan naku, in anka rubuta shina gogewa?" Ni kuma da bakina, da ƙwarin gwiwata na 'yar boko, na ce ba ya gogewa, har jikokinka za su gani. Cikin daminar da ta wuce Allah ya yi masa rasuwa.

To ga inda na yanka wa kaina. Akwai wata Hajiya, ita ta koya mini Bayolojin nan a sakandare, kuma a gidanta na Gesse na zauna shekara uku ina karatu a Birnin Kebbi, ko sabulu ba ta taɓa bari na saya ba. Yanzu shugabar wata makaranta ce a can. Da na nuna mata shafin ta yi murna sosai, ta shigo da ɗalibanta, su suna sa sunayen kimiyya da zane, namu suna kawo bayanin tsofaffi, yaran Birnin Kebbi su yi kuskure na Argungu su gyara musu har da tsiya. Abin gwanin sha'awa. Amma duk lokacin da na buɗe sai in ga sunana a sama a matsayin mai shafi, nata kuma can ƙasa cikin jerin yara, sai kunya ta kama ni. Mu tarbiyyar da aka yi mana, ko tabarma ce ba ka zama a sama malaminka yana ƙasa. Ba ta roƙe ni ba, ni na danna da hannuna na mai da ita mai shafin, na koma cikin masu rubutu, har ina jin na yi abin kirki.

Ranar da abin ya fito, Asma'u ce ta roƙe ni in buɗe mata muryar babanta ta saurara. Muka buɗe, bayanin yana nan kalma bayan kalma, amma sunansa babu, na tsohonsa babu, muryar ma an cire. Duk sunayen iyayen yaran an share su, a sama an rubuta cewa binciken Hajiya ne. Na ce bari in gyara, sai na tarar an mai da ni mai karatu kawai, ko wasali ba zan iya sawa ba a shafin da na buɗe. Yarinyar nan ta ja hijabinta ta fita.

Ranar Asabar na hau mota har Gesse. Na durƙusa na gaishe ta, na yi maganar cikin ladabi iyakar iyawata. Ta ce manyan ofis sun zaɓi shafin, za a nuna shi a taron shugabannin makarantu ranar Alhamis, kuma in suka ga sunayen masunta rututu za su ɗauka hirar bakin gulbi ce ba bincike ba. Na ce mata akwai alkawari a kaina, kuma mai alkawarin yana kabari. Ta yi dariya ta ce, "Ɗiyata, mi na abin tada hankali? Abin ɗiya ai na uwa na." Ta ce in an gama taro za a duba, ni kuwa na zauna da ita shekara uku, na san ma'anar za a duba a bakinta. Ta sa aka zubo mini abinci. Abin da ya fi ƙona mini rai ko kaɗan ba ta ga ta yi laifi ba, kura da shan bugu gardi da karɓar tafi, kuma kurar ma tsoho ne da ba zai iya tashi ya yi magana ba.

Da zan fito ta rubuta mini fasuwod ɗinta a 'yar takarda, don ita ba ta iya sarrafa shafin sosai ba, ni take so in zauna gaban laftof ranar taron ina dannawa tana bayani. Abin da ba ta sani ba, shafin yana ajiye tarihin duk gyaran da aka yi. Da fasuwod ɗin nan dannawa biyu kawai zan yi komai ya dawo, sunan Baba da muryarsa, amma kuma zai nuna wanda ya goge da ranar da aka goge.

Na faɗa wa Innata, ta ce wanda ya ba ka wurin kwana shekara uku ba ka tona masa asiri saboda kifi. Na ce Inna ba kifi ba ne, ta ce ita dai ta gama magana. In na maido a ɓoye, na ci amanar fasuwod ɗin da aka ba ni hannu da hannu, kuma tana ganewa za ta iya rufe shafin gaba ɗaya tunda nata ne yanzu. In na maido a gaban taro na wulaƙanta matar da ta riƙe ni. In na yi shiru na zauna ina danna mata, na zama abokiyar aikinta ke nan. Ina sonta har yanzu, shi ya sa abin yake mini ciwo haka, da wata ce can da tuni na san abin yi.

Jiya bayan an tashi Asma'u ta tsaya a bakin ƙofar aji, tun ranar nan ba ta ƙara zuwa kusa da laftof ɗin ba. Ta ce, "Malama, Baba ya tambaye ki ko shina gogewa, kinka ce a'a. Ina zaune wurin." Ta juya ta tafi.

Takardar tana cikin jakata, ban taɓa ta ba. Jama'a in maido ne ko in bari? In maidowar ce, kafin taron ko a gabansu? Don Allah masu cewa in yi haƙuri ku haɗa mini da abin da zan faɗa wa yarinyar nan, don ranar Juma'a da safe ajinta zan fara shiga.