Hajiyarmu Ta Ƙi Barin Kwamfutocin Malam Tsirara

Assalamu alaikum Gwaggo Furera. Don Allah ki agaza mini da shawara, kaina ya kulle, kuma duk wanda na faɗa wa damuwata sai ya fashe da dariya.

Ni ɗaliba ce a aji uku na jami'a, ina karanta ilimin kwamfuta. Wani malaminmu, Dakta Babaji, shi ma Bakatsine ne, ya zaɓe ni in taya shi bincike. Tsofaffin kwamfutoci shida ya jona da waya, suna raba lissafi a tsakaninsu suna yi tare, irin lissafin da guda ɗaya za ta shekara ba ta gama ba. So muke mu gano lokacin faɗuwar damina a yankinmu. In an kunna su sai su yi wajen mako suna aiki ba tsayawa, in kuwa suka mutu a tsakiya, an koma farko ke nan. Ya yi mini alkawari in sakamako ya fito da sunana za a buga, kuma ni zai tura wani horo a ƙasar waje.

Sai aka shiga yajin aiki, aka rufe makaranta. Dakta ya ce a kawo su gidanmu a Ƙofar Durbi, don tun da soja suka koma bariki maƙwabcinmu ya ci zaɓen majalisa, wuta ta daina ɗaukewa a layinmu. Ni dai Allah ya ba shi tazarce.

To, Hajiyarmu mace ce da ba ta barin abu mai daraja a buɗe. Talabijin da rigarsa, keken ɗinki da tasa, har agogon bango yana da 'yar hula. Ranar da aka kawo kwamfutocin ta kwashe kayanta daga ɗakin ajiya, ta share, ta yi musu turaren wuta. Na kunna aiki na tafi gaisuwar suna Ƙofar Kwaya. Ina dawowa na tarar kowacce sanye da riga ta atamfar kamfe, an ma kewaye bakin da leshi. Ɗakin kamar gidan burodi, dukkansu sun ɗau zafi sun mutu.

Gwaggo, ni ce 'yar fari. Ko sunana ba ta faɗa, balle mu zauna ido da ido ina yi mata bayanin fankar da ke sanyaya inji. Sai na bi ta bakin Kawu Lawal, ƙaninta. Shi kuma ya je ya ce mata wai injinan suna jin zafi. Ta tausaya musu ƙwarai, ta ɗinka wasu riguna da farin yadi marar nauyi. Aiki ya sake mutuwa. Na ɓoye rigunan, washegari na tarar ta rufe su da mayafanta na unguwa. Ta gaya wa Kawu kayan amana ne, ba za a ce an kawo kayan Malam gidanta an bar su tsirara ba.

Kulle ɗakin kuwa ba zan iya ba, ta yaya zan sa wa uwata kwaɗo a cikin gidanta? Shi kuwa Dakta, ce masa na yi wuta ce ke yi mana tsiya. Yanzu ya ce in aka janye yajin aiki ba sakamako, zai kwashe su ya ba Shehu ɗan ajinmu, shi babansa yana da janareta. Wallahi na yi kuka, ban san ranar da zan sake samun irin wannan dama ba. Ya zan yi?

Taki,
'Yar Fari, Ƙofar Durbi

Wa'alaikumus salam 'yata. Ni ma na yi dariya, ki yafe mini, amma na ji damuwarki har cikin raina.

Hajiya ba ta yi laifi ba. An kawo mata amana, ta riƙe ta yadda ta san ana riƙe amana. Ke ma kina da gaskiya, inji ba ya aiki sai da iska. Kuskurenki biyu ne: kin aiki mutumin da bai san abin da aka aike shi ba, sannan kin ɗora wa wuta laifin da ba nata ba. A kan wannan ƙaryar Dakta yake shirin neman gida mai janareta, kin ga da hannunki kike miƙa wa Shehu gurbinki.

Gobe ki je ki faɗa wa Dakta gaskiya duka. Zai yi dariya, shi ma uwa ce ta haife shi. Ki roƙe shi ya zo ya gaida Hajiya, ya yi mata godiya, ya ce da bakinsa a buɗe yake son kayansa. Maganar da kunya ta hana ta ji daga gare ki, daga mai kaya nan take za ta karɓa. Kada kuma a bar ta hannu sake. A sa kafinta ya yi musu kabad mai raga irin na ajiye abinci, iska na shiga, ita kuma a ba ta mabuɗin. Ki tambayi Dakta yadda ake sa lissafi ya riƙa adana inda ya kai, don ko ya tsaya ba sai an koma farko ba.

Kada ki raina abin da take yi. Ba ta san me kike lissafawa ba, ba za ta iya yabonki a gaban mutane ba, sai ta zauna a keke tana yi wa aikinki ɗinki. Ranar da aka buga sunanki, ki fara kai mata takardar, ko da ba za ta karanta shi a fili ba.

Allah ya ba ki sa'a, ya bar miki Hajiya.

Gwaggo Furera