Tukunyar da Ta Ƙi Kai Ɗari Huɗu

Anti Luba, ki taimake ni don Allah, kaji uku na ƙone a mako guda, kuma ina neman raba aminai biyu.

A unguwar Kilomita Biyar muke, nan birnin Bangi. Surukina, Baba, likita ya hana shi mai saboda hawan jini, shi kuwa in babu soyayyiyar kaza a faranti gani yake an hore shi. Sai maigidana ya sayo mini tukunyar lantarkin nan mai suya da iska, wadda ba ta shan mai, a shagon Alhaji Sharu, amininsa tun suna yara a unguwar Miskine. Daga Duwala aka kawo ta, sabuwa fil. Ranar da ta iso a bayan mototaksi, wato babur ɗin haya, duk matan layinmu sai da suka leƙo, ni kuma na cika baki na ce ranar Juma'a kowa zai ɗanɗana.

Ƙanwata Amira tana aure a Amurka, ita ta turo mini yadda take gasa kaza a oben ɗinta: zafi 400, minti talatin da biyar. Na murɗa tukunyata, ta tsaya cak a 200. Na danna, na kashe, na kunna, 200 dai. Sai na yi lissafina na 'yar kasuwa: tunda zafin rabi ne, a ninka lokacin. Na ba ta minti saba'in. Anti, da na buɗe, ko kyanwar gidan sai da ta shinshina ta juya. Kaza ta biyu na ce laifin ɗauke wuta ne. Ta uku wuta ba ta ko ƙifta ba, Baba ya daɗe yana kallon farantin, ya ce a kawo masa kunu.

Kunya ta sa na ce wa maigida Alhaji Sharu ya sayar mana da jabu, ai ta gaske tana kai 400. Ban tsaya nan ba, na faɗa wa maƙwabciyata Suwaiba, ita kuwa maganar da ta shiga kunnenta da safe, kafin azahar ta zaga kasuwa. Yau kwana shida maigida bai zauna shan shayi a shagon ba, ya ce zai mayar da tukunyar ya faɗa wa Alhaji Sharu magana. Jiya matar Alhaji Sharu ta gaishe ni da Sango, yaren gari, ita da kullum Hausa muke yi. Yanzu zuciyata ta fara raya mini ko ni ce ban gane wani abu ba. Jabu ce, ko kaina ne?

Taku, Mai Ƙonanniyar Kaza

*

'Yar'uwa, tukunyarki lafiyarta ƙalau, kanki ma haka. Ma'auni biyu ne suka haɗu a kicin ɗinki ba wanda ya gabatar miki da su.

Amurkawa da Farenhait suke auna zafi, mu da Salshiyos. Kin san yadi da mita a wajen masu atamfa: ƙyalle ɗaya, lamba daban. 400 ɗin Amira shi ne kusan 200 ɗinki. Wato kin ba kazar cikakken zafi, sannan kika ninka mata lokaci. Na yi dariya, ki yafe ni, don ni ma na taɓa yi wa kifi haka.

Ainihin lissafin: ki cire 32 daga lambar Farenhait, ki ninka da biyar, ki raba tara. 400 zai ba ki 204, 450 kuma 232. Amma akwai abu na biyu. Wannan tukunya ƙarama ce, fanka na hura zafin kai tsaye a jikin naman, don haka ta fi oben saurin ci. Duk abin da aka rubuta don oben, ana rage masa kamar digiri goma sha biyar, a kuma rage kashi ɗaya cikin biyar na lokacin. Ga gajeriyar hanya da ta haɗa duka biyun: ki cire talatin daga lambar Amira, ki raba biyu. 400 ya zama 185, 425 ya kusa 200, 350 ya zama 160. In ta ce 450, ki tsaya a 200 ɗinki ki ƙara 'yan mintuna. Ki rubuta a takarda ki manna a bango.

Kazar ki yanka ta gunduwa-gunduwa, ki tsane ruwan, ki shafa yaji da ɗan mai kaɗan, kada ki cika kwandon tukunyar. Ki juya a rabin lokaci, ki fara dubawa daga minti ashirin da biyar. In kin soka wuƙa kusa da ƙashi ruwa ya fito fari, ta yi. Tunda don Baba ne, a sassauta gishiri da dunƙule.

Sai maganar Alhaji Sharu. Ban ga laifinki a lissafi ba, Amira ma da ta rubuta harafin F kusa da lambar da an huta. Maigida kuma ya yi saurin fushi da aminin shekaru a kan zato. Amma kalmar jabu daga bakinki ta fita, kuma ɗan kasuwa da sunansa yake ci. Yau ki faɗa wa maigida gaskiya, kafin ya ɗauki kwalin. Ki faɗa wa Suwaiba ma, ki roƙe ta ta zaga da gyaran yadda ta zaga da ɓarnar. Kaza ta huɗu in ta fito da kyau, ki rufe ta a kwano ki kai wa matar Alhaji Sharu da ƙafarki, ki ba ta haƙuri ba tare da kwana-kwana ba. Za su yi miki dariya wata guda, ki taya su.

Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya bar zumunci, ya sa albarka a girkinki.

Anti Luba