Jinin Maƙwabci

Zuwa ga maƙwabcina Tsado,

Bayan gaisuwa, ina fatan iyali da mutanen Sabon Gari suna lafiya. Ni ƙalau nake a Fatakwal. Gadi bai fi ƙarfin mai digiri ba, ƙafa ce kawai ke ɗan kumbura.

Mai ɗakina Lailatu ta ce a benci aka bar ta tana naƙuda har jini ya ɓalle mata. Ina ma'aikatan asibitin suka shiga? Da aka nemi jini, kai ka rufe shago ka je ka bayar.

Na daɗe da fid da rai da mutane, sai ga ka. Allah ya saka da alheri. Don Allah iyalinka ta riƙa leƙa ta, har yanzu tana firgita cikin barci.

Jaririn kuwa, sunanka ya ci.

Naka,
Ladan