Salji, Karen Ɗan Kafilina

Litinin, 1 ga Yuli, 2024
A iƙamata, katin izinin zamana a Saudiyya, "direba" aka rubuta. Yau na kai Faisal, ɗan kafilina (maigidan da ya ɗauko ni aiki), filin jirgi, ya tafi karatu waje. Ina dawowa Madam, matar kafilin, ta miƙo mini igiyar karensa. "Isiyaku, kai za ka kula da Salji, khalas." Wai haski ne, karen ƙasar ƙanƙara. A Riyad! Na ce to. Me zan ce?

Alhamis, 4 ga Yuli
Ba ya haushi, sai doguwar kururuwa kamar an yi masa rasuwa. Na ce ya zauna, ya zuba mini shuɗayen idanun nan, ya juya baya. Ya ji fa sarai.

Lahadi, 7 ga Yuli
Ya lashe mini hannu ina gama alwala. Wanki bakwai, har jam'in La'asar ya wuce ni. Gashi a mota, gashi a jallabiyata, gashi a shayi.

Juma'a, 12 ga Yuli
Sai bayan Asuba nake fita da shi, kafin kwalta ta ƙona masa ƙafa. Shi ke jana, ba ni ke jansa ba. Abokina Laouali na kasuwar Aziziya ya yi dariya har da hawaye: "Ashe an yi maka ƙarin girma!" Matata Safiyatu kuwa a waya cewa ta yi, "Kar dai Baba ya ji."

Laraba, 17 ga Yuli
Ya gudu. Mai kawo gas ya bar ƙofa a buɗe da tsakar rana. Madam ta ce in ban samo shi ba, in haɗa kayana. Awa biyu ina zaga unguwa a mota ina kiran sunan kare, mutane suna kallona. A ƙarƙashin wata babbar mota na same shi, harshe a waje, ya kasa tashi. Rungumo shi na yi, na jiƙa rawanina na shafa masa a ciki. Likitan dabbobi ya ce da an ƙara rabin awa, shi ke nan. Sai a hanyar gida na lura rigata duk yawu.

Alhamis, 18 ga Yuli
Ya ƙi abincin da Madam ta ba shi. Na hannuna ya ci. Ɗan banza.

Asabar, 27 ga Yuli
Kafili ya ce wani ɗan'uwansa a Abha zai ɗauki Salji, can akwai sanyi. Na ce alhamdulillahi, na huta. Na karɓi lambar mutumin, na yi masa saƙon murya da guntun Larabcina: a taje shi kullum, a sa ƙanƙara a ruwansa, kar a bar shi shi kaɗai, kar a kwance igiya ko ya yi ladabi, yaudara ce. Minti tara. Bai amsa ba.

Jibi ni zan kai shi. Kafili ya ce in ajiye shi in juyo. Na roƙi kwana ɗaya, na ce mota za ta buƙaci hutu.