Zulai Mai Rage Wuta

Litinin, 7 ga Afrilu, 2025

Firizar kifi ta mutu. Ta biyu ke nan tun da na karɓi kantin Baba. Ina buɗe ƙofa na ji ƙauri, na taɓa bayanta, kwamfuresa ta ƙone. Na cusa abin da zai shiga cikin sauran biyun, ragowar kifin na ba masu banda a wulaƙance.

Na ɗauko mitar gwajina ta makaranta na sa a soket. 253. Kayanmu 220 zuwa 230 suke so. Taransifomar unguwa a bayan katangarmu take, mu muke fara shan wutar da zafinta. Shi ya sa ƙwan fitila ba ya wata biyu, katin mita kuma kamar ana zuba ruwa a kwando.

Baba yana kujerarsa bayan kanta yana kallona. Tun da ɓarin jikinsa na dama ya shanye bara, daga gado sai kujerar nan, ni da Inna muke tallabo shi ta ƙofar cikin gida. Likitan gashi, mai motsa masa gaɓoɓi, ya ce ya riƙa takawa. Ya ƙi. An yi masa sanda, ko kallonta ba ya yi.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Mutanen Kaduna sun kira, kamfanin solar nan da suka ɗauke ni kafin Baba ya faɗi. Matar ta ce za su riƙe mini gurbin zuwa babbar Sallah, daga nan ba ruwansu. Na ce in sha Allahu. Da na kashe sai na ga ina auna wa wata yarinya sukari, ban ma san na ɗauki mudun ba.

Shekara huɗu ina karatun lantarki a Birnin Kebbi don in auna sukari a nan Yelwan Yauri.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Na kira Yaya Sufyanu a Abuja. Ya ce matsalar kantin ai wuta ce, in na gyara ta ya tsaya da ƙafarsa, shi zai zo ya zauna ko ya sa wani, ni in tafi. Na ce Yaya ka yi alkawari? Ya ce "Haba Zulai, na taɓa yi miki ƙarya?" Na ce sai an jima, na kashe.

Akwai na'urar da na karanta a aji uku, mai daidaita ƙarfin wuta. Ana sa ta bayan mita, duk wutar da ta shigo ta sauko da ita daidai kafin ta shiga kanti. Kaya su daina zafi, mita ta rage gudu. Na samu mai sayarwa a Kano. Kuɗin da na ajiye na kama ɗaki a Kaduna su za su tafi. To, in ba kanti ya tsaya ba, ɗakin me?

Juma'a, 18 ga Afrilu

Na gaya wa Baba. Na durƙusa gabansa na yi bayani a hankali. Maganarsa ba ta fita sosai yanzu, amma wannan ta fita: "A'a."

Inna ce ta ƙarasa masa. Wai da gangan ya sayi filin nan saboda taransifoma. Lokacin da mutanen ƙasan layi ke zaune da fitila ja kamar garwashi, kantinsa ne ke haske har bakin titi, daga Shanga ake zuwa sayen ƙanƙara wajensa. "Mi kike so ki rage ga abin da Allah ya ba shi? Garin su Babanki ya nutse cikin ruwan dam ɗin ga da ke yin wutar. Ki bar mai ita."

Na tashi na ci gaba da jera madara.

Talata, 22 ga Afrilu

Na tura kuɗin. Ban gaya wa kowa ba.

Asabar, 26 ga Afrilu

Ta iso a motar Kano, akwatin ƙarfe ruwan toka, sai da mutum biyu suka sauke. Kafin azahar labari ya zaga layi. Tanko mai haɗa wuta, wanda zai taya ni sa ta, ya zo yana dariya tun daga bakin titi. Ya ce duk Yauri kowa sitabilaiza yake saye don ya ƙara wuta, ni kaɗai na sayi mai ragewa. Masu kabu-kabun bakin kanti har sun raɗa mini suna, Zulai mai rage wuta.

Lydia mai kemis ɗin gefenmu ce kawai ta tambaye ni da gaske yadda take aiki. Ita ma firjin allurarta yana zafi.

Talata, 29 ga Afrilu

Mun sa ta. Tun safe muka kashe wuta, sai bayan la'asar muka gama. Dole muka yanke wayoyin da Baba ya ja da hannunsa shekarun baya. Na so a bar shi cikin gida yau, ya ƙi, ya zauna yana kallon Tanko yana datse su. Ban iya kallonsa ba.

Da muka kunna, allon gabanta ya nuna 251 na shiga, 222 na fita. Firiza suka tashi da wata murya mai laushi da ban taɓa jin sun yi ba. Tsofaffin fitilun silin kuma suka ɗan rage haske, kaɗan dai, wani ba zai lura ba. Baba ya lura. Ya ɗaga kai ya dube su, ya dube ni, ya ce Inna ta mayar da shi ciki. Bai ci tuwo ba.

Tanko ya nuna mini hannun da ke gefenta, in an juya shi wuta ta kewaye na'urar ta shiga kai tsaye kamar da. Na ce na sani, Malam Tanko.

Litinin, 5 ga Mayu

Ba ya amsa gaisuwata. In na ce Baba ina kwana sai ya dubi bango.

Laraba, 14 ga Mayu

Tana aiki. Ba kamar yadda mai sayarwar ya cika baki ba, amma katin da ke ƙarewa cikin sati yanzu yana ɗan haura shi, bayan firiza kuma ina iya ɗora hannu. Ba ƙwan da ya ƙone.

Na kira Yaya Sufyanu da murnata. Ya yi ta hamdala. Sai ya ce, "Kin gani? Kanti ya samu mai shi. Wa zan kawo da zai gane kan wannan inji in ya samu matsala? Ki ƙara haƙuri zuwa ƙarshen shekara."

Na ce Yaya ba haka muka yi ba. Ya ce ana kiransa a ofis.

Na shiga sito na zauna a kan buhun shinkafa. Da hannuna. Da kuɗina. Ni na sayo ta, ni na kafa ta a bango.

Litinin, 19 ga Mayu

Na gaya wa Inna zan tafi bayan Sallah ko Yaya ya zo ko bai zo ba. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Tahi, ɗiyata. Ban riƙe ki ba." Da ta yi faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

Talata, 20 ga Mayu

Na je bakin ruwa karɓar kifi wajen masu jirgin Ngaski. Na bar Baba a kanti, Inna tana leƙowa daga ciki. Da na dawo, ina shiga na ji firiza suna kuka irin na da. Na dubi allo, 252 na shiga, 252 na fita. An juya hannun.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na yi wa Inna magana da muryar da ban taɓa yi mata ba, Allah Ya yafe mini. Ta rantse ba ta taɓa ba, ba ta ma san inda yake ba. Na ce to wa ya shigo? Ta ce ba kowa sai masu sayen ruwa.

Sai na lura da sandar. Tana jingine a jikin kujerarsa, ba a bayan ƙofa inda take kullum ba. Rigarsa sharkaf da zufa. Gwangwanayen tumatir sun zube a layin tsakiya, inda mutum zai dafa in zai je bangon mita.

Na tsaya da bokitin kifi a hannu. Inna ta rufe baki da gyalenta.

Shi kuwa yana kallon fitilun silin, ya ɗaga haɓa. Na je na mayar da hannun inda yake. Na shiga sito na yi kuka, ban san na haushi ba ne ko na mene ne.

Juma'a, 23 ga Mayu

Ya sake. Jiya ma haka. Yana jira in fita.

Yau na ce zan je wajen Lydia, na laɓe a bayan tagar kemis. Na ga yadda yake yi. Ya dafa kanta, ya tashi sau biyu yana komawa, na uku ya tsaya. Yana jan ƙafar dama kamar ba tasa ba. Ya daɗe kafin ya kai. Lydia ta riƙe mini hannu ta ce kar ki je. Da ya juya hannun fitilu suka ƙara haske, sai ya tsaya a wurin yana haki, yana murmushi da rabin bakinsa.

Rabin yini a kan tsohuwar wutar ba zai kashe firiza nan take ba. Na lissafa.

Laraba, 28 ga Mayu

Likitan gashi ya zo ya duba shi, ya ce ƙafar ta fara ƙarfi, ya tambayi abin da muka canza. Inna ta ce addu'a. Na bar ta a haka.

Yau ya yi mini magana. Ina mayar da hannun, ya ce daga kujerarsa, "Taurin kai." Na ce Baba gado na yi. Ya yi wani sauti a maƙoshi, ina jin dariya ce.

Litinin, 2 ga Yuni

Yaya ya ce ba zai samu zuwa Sallah ba. Ya turo rago.

Lydia na so in auna mata wutar kemis. Mai gidan burodin ƙetaren titi ma ya aiko. Na ce sai na gani, ai ba daɗewa zan yi ba.

Talata, 10 ga Yuni

Mutanen Kaduna sun kira jiya, sau biyu. Hannuna duk ƙarnin kifi ne lokacin, shi ya sa ban ɗauka ba. Zan kira su. Lambar tana nan.

Na auna wa Lydia, 249. Gobe gidan burodi.

Da safe, kafin mu fito da Baba, na matsar da kujerarsa can bakin ƙofar titi. Inna ta ce mi ya sa, ai wajen ya fi nisa da bangon mita. Na ce nan ya fi iska.