Jakar Bayan Ƙofa

Zuwa ga 'yata Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da maigidanki da yara. Yaya ƙaramar, haƙoran sun fito? Ki karanta a hankali, kin san da furfura na kama alƙalami.

Bayan gaisuwa, zancen yayanki ne. Kin san babu shekarar da ciwon sugan nan bai kwantar da shi a asibiti ba. Shi ya sa jakar nan ba ta barin bayan ƙofa, da bargo da flas da silifas a ciki. To, gwamnati ta faɗaɗa inshorar lafiya, yanzu har manya masu ƙaramin ƙarfi ana ba su kati. Ya samu nasa, na ce yau zan yi barci.

Shekaranjiya na kai masa abinci shago, na tarar da ƙafar hagu yake taka keken ɗinki. Na sa ya cire safar dama. Auta, gyambo ne a ƙarƙashin babban yatsa, wai ko zafinsa ba ya ji. Haka na mahaifinku ya fara. A gwangwanin maɓallai kuma na ga ƙwayoyinsa, kowace ya raba ta biyu da reza, yadda ya saba don su daɗe.

Na tambayi katin. Ashe ya naɗe shi a leda, ya sa a ƙasan akwati tare da rigar aurensa. Wai yana tanadinsa don ranar da za a kwantar da shi, kada ya ƙare a kan ƙananan abubuwa. Ban yi masa faɗa ba, don ni ma haka na zata. Mun saba abu mai kyau ɓoye shi ake yi.

Gobe zan tasa ƙeyarsa zuwa asibiti. Ki yi addu'a kada a taɓa ƙafar. Tela da me zai taka keke?

Mahaifiyarki.

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya. Na ga saƙonki, ki share hawayenki, ƙafa ta tsira.

Da nas ta ji labarin ledar, sai da ta dafa tebur don dariya. Ta ce masa kati ba sabulu ba ne da zai ƙare da amfani, an ba shi ne don kada ya kai ga gadon. Suka wanke gyambon, suka auna jini, suka ba shi magani cikakke, kuma kowane wata zai koma. Likita ya ce da mun ƙara jinkiri, da maganar ta zama wata.

Layin ya yi tsawo, har ƙuguna ya ƙage. Amma kowa a layin da ƙafarsa ya zo, ba ranga-ranga ba. Na leƙa ɗakin da ya saba kwanciya, har da gadaje babu kowa. Ban taɓa ganin haka ba.

Yanzu dai gyambon ya rufe. Mai taurin kan ya koma taka keke da dama, yana tsokanata wai na zama 'yar sanda. Ya faɗa ya ƙara, rezar dai tana hannuna.

Jiya na sauke jakar. Bargo ya koma gado, flas ya tafi shago. Na zuba mata kayana da riguna biyu da ya ɗinka wa ƙaramar. Shekara nawa ban iya kwana nesa da shi ba? Ki gyara mini ɗaki, ina tafe.

Mahaifiyarki mai ƙaunarki.