Fitilar da Aka Tono a Gonar Zaitun

Da sunan Allah Mai rahama. Ni ce Munjiya 'yar Ɗahir, wadda ta koyar shekara talatin da huɗu a firamaren ƙauyenmu, kusa da kangon tsohon birnin Rumawa na Sbeitla. Hankalina cikakke ne, jikin ne ya ƙi. Likita ya daina yi mini maganar watanni. 'Ya'yana Widad, Lutfi da Sabir, ku karanta wannan tare, a ɗaki ɗaya.

Na ɗaya. Akwatunan ajina huɗu, na kayan kwaikwayon rayuwar Rumawa, na Widad ne: allunan kakin zuma da tsinkayen rubutu, dutsen niƙa, buhun ƙananan duwatsu masu launi da muke jera hoto da su, da fararen zannuwan da yara ke yafawa su zama manyan gari. Sabon shugaban makaranta ya watso su waje, wai tarkace ne. Widad, na san kin gaji da koyarwa, amma ina roƙonki, ko sau ɗaya a shekara ki buɗe su a gaban wani aji. Idan yaro ya niƙa sha'ir da hannunsa, ya gasa gurasa, ya dangwala a man zaitun, ranar yake yarda cewa mutanen kangon can sun ji yunwa kamar shi.

Na biyu, kuma wannan laifina ne. Cikin fitilun yumɓun da ke ɗaya daga cikin akwatunan, ɗaya ba mu muka ƙera ta ba. Mahaifinku ya tono ta yana huɗa a gonar zaitun, shekarar da na haifi Lutfi. Ya kamata a miƙa wa hukuma, na ɓoye. Akwai shatin babban yatsan maƙerinta a gindinta, ni kuwa na so kowane ɗalibina ya ɗora nasa a wurin. Nakan ce musu kwaikwayo ce. Jiya na sa Widad ta kawo mini akwatin, na lalube shi har ƙasa. Babu ita.

Na uku. Sabir, autana, na san fitilar tana hannunka. Na san mutumin nan mai farar mota da ya yi maka tayin sayenta, na kuma san kwale-kwalen da kake son shiga daga gaɓar tekun Sfax zuwa Italiya. Da na tare ka da maganar tafiyar, ka ce, "Umma, digiri biyu gare ni, amma har yau ke ke ba ni kuɗin shayi." Abin da na sani, ɗan maƙwabciyarmu Naziha a ajina ya koyi karatu, ya shiga irin wannan kwale-kwalen, yau shekara biyu babu labarinsa, uwarsa na zabura duk lokacin da waya ta yi ƙara. Da zan iya tashi, da na kwanta a bakin ƙofa sai dai ka tsallake ni. Awarwarona na zinariya na ba ka su tun ina da rai, 'yan'uwanka shaida ne. Ka sayar, ka kama shago. Fitilar kuwa ka kai gidan tarihi, ka ce ni na ɓoye ta.

Na huɗu. Lutfi, kada ka kai ƙaninka ga 'yan sanda, kada ka ƙara kiransa cima-zaune. Marin da ka yi masa ranar Sallah a gaban matarka, shi ya sa ya fara neman masu kwale-kwale. Kai ne babba, kai za ka fara ba da haƙuri. Ka raka shi gidan tarihin, ku shiga tare.

Gida da gona a raba yadda shari'a ta ce, amma zaitun ku riƙa tsinkar shi tare kowace kaka. Na yafe muku duka, ku ma ku yafe mini. Allah ya yi muku albarka, ya tsare ku a tudu, ya haɗa kanku. Ku riƙe Widad, ku riƙe juna. Sabir, ka tsaya. Maza biyu na haifa, su biyun nake so su sa ni a kabari.